Rariya Hanyar Ruwa Ce: Jawabi Ga Jama'ar Wudil Bisa Sharar Madafa

   

Maganar da na zo da ita yau a kan rariya ce, watau 'yar kafar nan da a ke hudawa a gindin katanga domin ruwan gida ya sami mafita, da kuma kwatar da ke karɓar ruwan in ya fito. Na sani wani zai ce a ransa, ashe har a tara dattawa saboda rariya? To, a yi mini haƙuri a saurara. Katangu da yawa da ke zubewa cikin marka, da rijiyoyin da ke ɓaci, da husumar maƙwabta da ke kai mutane gaban mai unguwa, in an bi sawunsu a hankali sai a tarar daga wurin wanke-wanke su ka taso.

Hausawa sun ba abu biyu suna ɗaya. Akwai rariyar tankaɗe, akwai rariyar katanga. Ta tankaɗe aikinta ta bar gari ya wuce, ta riƙe tsaki. Ta katanga ma haka ya kamata ta zama, ruwa ya wuce, tarkace ya tsaya. Amma mu mun mai da ita baki mai haɗiye kome. Sauran tuwo, da ƙanzo, da maiƙon miya, da ɓawon albasa, da yashin da aka goge tukunya da shi, duk sai a sheƙa musu ruwa a kore su da tsintsiya, su bi ta kafar nan. Da sun ɓace wa ido sai uwargida ta ce ta gama aiki. Alhali kuwa ba su tafi ko'ina ba, suna nan bayan katanga, taku uku daga inda ta ke tsaye.

Ku dubi inda Allah ya ajiye garin nan. Kogin Kano da Kogin Challawa sun haɗu tun kafin su iso mu, su ka zama kogi ɗaya, shi ne ya ke bi ta ƙarƙashin gadarmu ya nufi Ringim da Haɗeja, har fadamun Nguru. Kowace kwata a Wudil, kome nisan unguwarta, can ta nufa. Mun san ambaliyar da ke zuwa daga kogi. Waɗanda su ka ga ta 2001 ba su manta ba, sa'ad da ruwa ya cika madatsar Tiga da ta Challawa, ya sauko ya ci gidaje da gonaki tun daga ƙasar Kano har Jigawa. Wannan ta fi ƙarfin maigida guda. Amma akwai wata ambaliya ƙarama wadda ba ta da suna, ba a kuwa faɗinta a rediyo. Ita ce ta lungu, wadda kan zo bayan ruwan awa ɗaya, ta shiga zaure ta jiƙa tabarmi, ta kwanta a gindin bango kwana biyu. Wannan tamu ce, mu mu ke yinta da hannunmu.

Bari in kawo lissafi kaɗan don a ga yawan ruwan da mu ke magana a kai. A ce gida yana da rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. In aka yi ruwan sama na inci ɗaya, watau milimita 25, wanda ba wani abin mamaki ba ne cikin watan Agusta, ruwan da zai zubo daga rufin nan kaɗai lita 2,500 ne. Jarka 100 ke nan irin ta 'yan ga-ruwa, mai cin lita 25. Ba a lissafa wanda ya zuba a tsakar gida ba. Duk wannan ruwa ta kafa ɗaya zai fita, kafar da sau da yawa ba ta fi tafin hannu ba. In rabinta ya toshe, ina za shi? Sai ya tsaya ya jiƙa tushen gini. Ginin ƙasa kuwa daga ƙafa ya ke mutuwa. Tubali ya sha ruwa ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, sai a ji rugum da tsakar dare. Ko ginin bulo ma bai tsira ba, gama danshi kan hau shi, filasta ta riƙa ɓamɓarewa, ɗaki ya riƙa warin ruma.

Yanzu sai mu duba abin da ke toshe hanya. Babbansu maiƙo ne, shi ne kuma wanda mutane su ka fi rainawa, domin sa'ad da a ke zubar da shi ruwa-ruwa ya ke. Kitsen saniya da na rago, da kakiɗe, da man shanu, da manja, duk a kan wuta su ke narkewa. Da sun huce sai su daskare. Kowa ya ga yadda manja ke yin barci a kwalba cikin hunturu, har sai an kai shi rana ko bakin murhu. Abin da ya ke yi a kwalba shi ya ke yi a cikin bututu da ƙasan kwata. Ya kan lafe a jikin bango kamar shafe, gobe wani ya hau kansa, jibi wani. Shi kansa ba shi da yawa, amma danƙo ne. Duk abin da ya zo wucewa, ko ƙwayar shinkafa, ko gashin kaza, ko ɓawon kifi, sai ya kama shi ya riƙe.

Mata da yawa sun gaskata cewa in an bi maiƙo da ruwan zafi da omo, shi ke nan ya tafi. Iyayena, wannan dabara ba ta kai ba. Ruwan zafi ya kan ɗauke shi kamu biyar ko shida, sa'an nan ruwan ya huce, maiƙon ya sāke daskarewa a can ciki inda hannu ba ya kaiwa. An dai matsar da cutar ne daga wurin da ta ke da sauƙin magani zuwa wurin da sai an fasa siminti. A ce cokali ɗaya na maiƙo ke bin rariyar gida kowace rana. A shekara ya haura lita 5, ya fi galan guda. In gida 20 ke zuba a kwata ɗaya, jarka huɗu ke nan na maiƙo a shekara. To, wane gida ne a cikinmu cokali ɗaya kaɗai ke fita daga tukwanensa? Balle mai ƙosai, da mai suyar kifi a bakin gada, da mai tuwo-tuwo a tasha.

Kada a ce wannan ciwon talaka ne ko na ƙauye. A birnin Landan, a wata unguwa da a ke kira Whitechapel, a 2017 ma'aikatan ruwa sun tarar da wani dunƙulen maiƙo da tsummoki ya toshe babbar hanyar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130. Ya yi tauri kamar dutse, sai da aka yi makonni ana farfasa shi da shebur da ruwa mai ƙarfi, har aka yanki wani ɓangare aka kai gidan tarihi mutane su na zuwa kallo. Cikin abin da ya tara shi har da cokali-cokalin nan na gidaje da na masu dafa abincin sayarwa. Hanyar da mutum zai iya shiga cikinta ya yi aiki ke nan ta toshe, ina ga tamu mai faɗin taƙi biyu?

Bayan maiƙo sai dangin hatsi. Shinkafa da taliya ba su daina shan ruwa don an sauke su daga wuta ba, su kan ci gaba da kumbura a cikin bututu. Sauran tuwo ya kan narke ya zama kamar talge, ya yi tsami, shi ne warin nan da ke tashi da rana tsaka. Ruwan gasara da na wankin ƙullu sun fi su duka wayo. Ka gan su fari fat kamar ba kome a ciki, amma in sun kwanta sai garin ya zauna a ƙasa ya daddale. Duk macen da ta taɓa barin gasara ta kwana a roba ta san yadda ta ke kamewa da safe, har sai an sa ludayi an ɓamɓaro ta. Sa'an nan ga yashi da toka na gugar tukunya. Su ba su ruɓewa, ba su kuwa tafiya. Nauyi gare su, inda su ka faɗa nan su ke zama, kwata ta riƙa cikowa daga ƙasa ba wanda ya lura.

Leda ita ce baƙuwa a cikinsu. Kakanninmu da ganye su ke ƙunshe abinci, da ƙwarya su ke zuwa kasuwa, abin da aka yar kuwa ƙasa ta cinye shi. Ledar fiya wata ba ta yaɗu a ƙasar nan ba sai wajen shekarun 1990, amma ga shi yau ba lungun da babu ita. Ku fita ranar Asabar da safe, bayan kasuwar Juma'a ta watse, ku dubi bakin kwalbatoci. Leda ɗaya ta isa ta rufe bakin rariya kamar marfi. In ta haɗu da maiƙo da yashi kuwa, sai su zama kamar ginin da aka sa wa ciyawa. Ƙasar Bangaladash ta hana ledar cefane a 2002 saboda an gane ita ce ta toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyoyin da su ka yi. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Mu da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, muna da wani dalili kuma. Ku tambayi mahauta abin da su kan ciro daga tumbin saniya da na akuya. Dabba ta ji ƙanshin miya a jikin leda ta haɗiye, ledar ta dunƙule a ciki, dabba ta riƙa ramewa ana ta ba ta magani a banza.

Akwai wata na'ura da ya kamata in ambata, domin 'ya'yanmu masu karatu a jami'ar garin nan da masu zuwa ƙasashen waje su kan gan ta su yi sha'awa. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, John Hammes, mutumin garin Racine, shi ya ƙago ta a 1927. A ƙarƙashin kwamin wanke-wanke a ke ɗaura ta. In an zuba sauran abinci aka kunna, wani faifai ya riƙa juyawa da sauri yana wurga abincin jikin wani zobe mai kaushi, har ya niƙe ya bi ruwa. Kusan rabin gidajen Amurka suna da ita. Mai ji daga nesa sai ya ce to, ai Turawa sun huta, kome su ka ga dama sai su zuba. Ba haka ba ne. Masu ƙera ta da kansu suna gargaɗi kada a zuba mata mai ko kitse. Masu gyaran famfo na can kuwa kullum kukansu shinkafa da taliya da ɓawon dankali, waɗanda ke zama kamar ƙullu, da abubuwa masu zare-zare irin su ɓawon masara, waɗanda ke naɗe faifan. Ƙa'idarta, a buɗe famfon ruwan sanyi tukuna, sa'an nan a kunna ta, a riƙa zuba abinci kaɗan kaɗan, in ta gama niƙa a kashe ta a bar ruwa ya ci gaba da zuba na ɗan lokaci don ya kore abin da ya rage. Ruwan sanyi aka ce, don ɗan maiƙon da ke jikin abinci ya daskare ya niƙe tare da shi, kada ya narke ya je ya lafe a gaba. In ta cije kuwa, ba a sa hannu a ciki ko kusa, sai an zare ta daga wuta. Birnin New York ma ya daɗe yana hana sa ta a yawancin unguwanninsa don tsoron kada ta cika musu hanyoyin ƙazanta, sai a 1997 aka ɗage hanin.

A ganina na'urar nan ba tamu ba ce, ko ga mai kuɗin sayenta. Tana bukatar lantarki wanda ba ya yankewa, da ruwan famfo mai yawa, da babbar hanyar ƙazanta ta gari wadda za ta kai abin da aka niƙa wurin tacewa. Gidajenmu na zamani kuwa a sokawe su ke zubawa. Wanda ya ɗaura ta a nan, ramin gidansa kawai zai riƙa cikawa da abinci, ya riƙa kiran motar kwasa tun lokaci bai yi ba. Ban da haka, muna da injin da ya fi ta, yana ɗaure a turke a bayan ɗaki. Abin da Ba'amurke ke biyan kuɗin lantarki ya niƙa ya zubar, akuya da kaza su kan mai da shi nama da ƙwai da taki.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici cikin al'amarin, watau dukiya ce mu ke korawa ta rariya. Ƙasar Kano ta yi suna tun dā wajen sanin darajar shara. Masana aikin gona da su ka yi bincike a karkarar Kano cikin shekarun 1960 sun yi mamakin yadda a ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Asirin, jakuna ne da mangaloli. Su shiga birni da itace, su fito da toka da shara da kashin dabbobi, a watsa a gona. Dattawan da ke zaune a nan sun yi wannan da hannunsu. Yau ga takin zamani ya yi tsada, mu kuma muna tura na gida cikin kwata.

To, yaya za a yi? Aikin duka a wurin wanke-wanke ya ke, kafin ruwa ya taɓa kwano. A ajiye tsohuwar roba ko ƙwarya kusa, a kankare kowane kwano da kowace tukunya a ciki tukuna. Ƙanzo a jiƙa a ba kaji, ko a shanya shi kamar yadda iyayenmu ke yi. Ruwan wankin surfe da dusar awara na dabbobi ne, mai kiwo ma har saye ya ke yi. Abin da ya yi tsami ƙwarai ko ya yi fumfuna kada a ba dabba, a kai shi ramin taki tare da ɓawon albasa da ɓawon ƙwai da ganyen shayi, a riƙa rufawa da toka ko ƙasa don ƙuda da ɓera. Tukunya mai maiƙo a zuba mata busasshiyar toka ko dusa a goge, a juye a ramin taki, sa'an nan a wanke. Man suya da ya ƙone a bar shi ya huce a ɗura a galan. Masu yin sabulu a gida su kan karɓa, yana kuma kama wuta a murhu. Ruwan da aka goge tukunya da yashi a cikinsa a bar shi ya kwanta a baho, a tsiyaye na sama, a juye laƙar a juji.

Sa'an nan a sa wa rariya rariya. 'Yar ragar ƙarfe, ko tsohon kwandon tace shinkafa, ko guntun gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, a kafa a bakinta daga cikin gida. Kowace yamma a cire a kakkaɓe. Ba ta cin ko kwabo, ga shi kuma tana hana ɓera da maciji shigowa. Sai dai a lura, in hadari ya haɗo a duba ta kada ganye ya rufe ta, gama raga mai datti ita ma toshiya ce.

Masu dafa abincin sayarwa, da gidaje masu yawan jama'a, da makarantun kwana, raga kaɗai ba ta ishe su ba. Su sai su yi tarkon maiƙo. Ɗan akwati ne na siminti mai marfi, ko rabin duro, a binne shi tsakanin wurin wanke-wanke da kwata. Ruwa ya shigo ta sama a gefe ɗaya. A ɗaya gefen a sa bututun fita mai gwiwa, bakinsa ya dubi ƙasa ya nutse har tsakiyar ruwan. Hikimar a nan ita ce, mai ba ya nutsewa, yashi kuwa ba ya tasowa. Maiƙo zai taru a sama, yashi da tsaki su kwanta a ƙasa, bututun ya ɗebi na tsakiya kaɗai. Kowane mako a buɗe a yaɗe na sama da ludayi, a kwashe na ƙasa. Wanda ya gina shi ya ƙi kwashewa, gara ma bai gina ba, domin zai cika ya yi wari ya koma tura kome gaba.

Inda babu kwata a lungu, kada a saki ruwa kan hanya ya bi gindin katangar maƙwabci. A haƙa rami kamar mita ɗaya faɗi, mita ɗaya ko fiye zurfi, a cika shi da duwatsu da fasassun bulo da tsingaro, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe. Ruwa zai riƙa tsuma cikin ƙasa a ɓoye. Amma a nisanta shi da tushen gini, a kuma nisanta shi da rijiya kamar mita 30. Unguwannin da ke gangaren kogi su ƙara kula, don ruwan ƙasa a wurinsu kusa ya ke, abin da aka zuba a rami ba ya daɗewa ya sadu da shi. Na sani gidaje da yawa ba su da filin da zai ba da wannan rata. Mai irin wannan gida ya kai ruwan gindin ayaba ko gwanda ko zogale, su ba su ƙin ruwan wanke-wanke in an tace shi. Kada dai a zuba wa latas da irin ganyen da a ke ci ɗanye. Da rani kuwa tsofaffinmu sun riga mu dabara, su kan yayyafa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙura, rana ta shanye shi kafin a jima.

Masu gini da bututun roba su tsaya a kan magini sa'ad da ya ke shimfiɗa shi. Bututu mai inci 4 yana son gangara, a kowace ƙafa 10 ya sauka kamar inci 3. In ya kwanta daidai, ko ya yi ciki a tsakiya, nan tarkace zai riƙa zama, kome tsabtar matar gida. A bar 'yar ƙofar dubawa mai marfi a duk inda ya karya kwana. Lanƙwasar nan kuma da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, wadda kullum ruwa ke kwance a cikinta, ba kuskuren mai gyara ba ne. Ruwan nan shi ke tare warin rami da kyankyasai kada su hawo. Galibin toshewa a nan ta ke farawa, tana kuwa kwancewa da hannu. A sa bokiti a ƙasa, a murɗe, a zubar da abin da ke ciki, a wanke a mayar.

In ruwa ya fara jinkirin wucewa, ko ana jin yana ƙugi, kada a jira ya tsaya cik. A zuba ruwa mai zafi da sabulu, amma ba tafasasshe ba, don tafasasshen ruwa ya kan sa bututun roba ya yi laushi, mahaɗinsa ya saki. In bai tafi ba a sa robar tsotso a danna, in ya ƙi a zura waya mai lanƙwasa ta ƙofar dubawa a jawo abin waje. Jawowa aka ce, ba turawa ba. Ina roƙon ku da girman Allah ku bar zuba soda da ruwan batir. Su kan yi zafi su fantsamo a ido, su ƙone hannun wanda zai zo gyara daga baya, ga kuma haɗarin yaro ya tarar da su a kwalba ya ɗauka ruwa ne. Kada kuma a gauraya bilic da wani maganin wanki, gama hayaƙin da ke tashi yana iya shaƙe mutum a ɗaki rufaffe.

Batun lafiya ba sai na tsawaita ba. Baƙin ruwan kwata shi ne mahaifar sauron nan mai kuka a kunne, kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai ya tashi. Sauron zazzaɓi shi ya fi son ruwa mai ɗan haske, irin tabkunan da ke kwanciya a lungu in kwata ta toshe ruwan sama ya rasa hanya. Ta kowace fuska dai toshiya ta haifar. Mafi muni, in ruwa ya tumbatsa ya kan haɗu da na salga ya gangara rijiya. Ta haka amai da gudawa ke shiga gari. A 2021 cutar nan ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 su ka rasu, Kano da Jigawa da Bauci na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Tun 1932 aka buɗe Makarantar Tsabta a Kano don horad da duba-gari, dattawa kuwa suna tune da yadda mata kan ruga su share rariya in an ce ga shi nan tafe. Ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma suna nan har yanzu, in sun zo a buɗe musu ƙofa. Abin da wasu ke yi na zuba baƙin man mota a kwata don kashe sauro, a bari. Kogi za shi, inda masunta ke kamun kifin da mu ke ci.

Saura yasar kwata, wadda ta ke aikin gayya ce, a nan kuwa masu unguwanni ku ne gaba. Lokacinta watan Afrilu da farkon Mayu, tun laƙa tana bushe, ba ranar da ruwa ya riga ya shiga ɗaki ba. Asabar ɗin ƙarshen wata da gwamnati ta keɓe don tsabtace gari ta isa a fara. A soma daga ƙasa, wajen da ruwa ke fita, a yi sama, domin in an soma daga sama sai a tara wa na ƙasa kaya. Kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya a zura masa dogon gora har a ga haske ta ɗaya bakin. Samari su sa takalman roba da safar hannu saboda fasassun kwalabe da tsofaffin allurai, wanda ya yanke kuwa ya je asibiti a ranar. Kuskuren da a ke yi kowace shekara shi ne a tsibe abin da aka yaso a bakin kwatar a watse, a ce sai ya bushe. Awaki su tone, yara su tattake, ruwan farko ya mai da shi inda ya fito. Kafin a sa shebur a ƙasa, a tabbata an shirya baro ko kura ko amalanke da za su kwashe, an kuma san jujin da za a kai. Laƙar yasa kada a kai ta gona sai an tsince leda da kwalba da batura, sa'an nan a tara ta a gefe ta yi wata biyu ko uku a rana tukuna a watsa.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara da iyayenmu mata.